Ƙofar da Baba Ya Hana a Ɓalla

Shekarar da na sake zama jarrabawar shiga jami'a ita ce shekarar da Baba ya sayo mini kwamfuta, kuma a cikinta ne na kusa yin ƙaramin hauka a hannunsa.

A zaman farko ba karatu ne ya kayar da ni ba. Karatu kam na yi shi har idanuna suka yi ja. Abin da ya kayar da ni shi ne a kwamfuta ake rubuta jarrabawar, ni kuwa ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Na damƙi maus kamar na kama ɓera mai rai, kibiyar nan tana gudu sama da ƙasa ina bin ta, har lokaci ya ƙare ban kai rabin tambayoyin ba. Na komo gida Nasarawa ina kuka a cikin Keke Napep. Mama ta ce kada in damu, akwai baɗi. Amma kowa a gidan ya san baɗin nan ita ce ta ƙarshe. Ƙannena suna tasowa, kuma an riga an fara maganar kai ni koyon ɗinki wurin wata 'yar cocinmu idan na sake faɗuwa. Ban raina ɗinki ba, amma ba shi nake so ba.

Baba maigadi ne. Ya yi sama da shekara ashirin a bakin get ɗin wani kamfani a Kudenda, har ranar da aka kawo samari masu sababbin kaki da kyamara aka sallame shi. Tun daga nan yake wuni a gindin mangwaron tsakar gida da rediyo a kunne, yana tashi da asuba kamar mai zuwa aiki, ya yi wanka, ya zauna. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji shi: bai taɓa buɗe wa kowa ƙofa ba tare da izini ba. Ya taɓa tsayar da manajan kamfanin kansa a waje cikin ruwan sama saboda ya zo a motar da ba a sani ba. Mun ji labarin nan har mun iya ba da shi da muryarsa.

Wata ranar Asabar ya fita a kan kekensa, ya dawo a ƙafa, rungume da wani abu naɗe cikin zanen Mama. Ya ajiye a kan teburin falo, ya warware a hankali. Laftof ce baƙa, mai nauyin dutsen niƙa, gefenta ɗaya ya ɗan tsage. Ya ce a wurin wani Alhaji mai kayan gwanjo ya samo ta. Babu wanda ya tambayi ina keken, shi ma bai faɗa ba. Na durƙusa na yi godiya, hawaye suna zuba, shi kuwa ya ce in tashi, ba a yi wa kayan wuta kuka a kai.

Da muka kunna sai ga hoto biyu a fuskarta. Ɗaya na baƙo, kana taɓawa ya buɗe. Ɗayan kuma na mai ita ne, wanda ake kira admin, yana neman kalmar sirri. Na shiga ta wajen baƙo na yi ta wasa da maus har hannuna ya fara sabawa. Murnar ba ta daɗe ba. Wata ƙawata ta ba ni manhajar gwajin jarrabawa a filash, mai tambayoyi da agogo yana gudu kamar a ainihin ɗakin jarrabawar, kuma ita nake bukata fiye da komai. Na zo sakawa, kwamfuta ta ce a'a, sai da kalmar sirrin admin.

Na yi wa Baba bayani. Ya saurara yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"To ai daidai ta yi," in ji shi. "Baƙo a falo yake tsayawa. Ashe abin yana da hankali."

Na ce bari in gwada wasu kalmomi, ko a dace. Ya riƙe mini hannu. Ya ce wanda ya tsaya a ƙofar wani yana gwada makullai ɗaya bayan ɗaya, sunansa ɗaya ne a wurinsa, kuma ba a gidansa za a haifi irinsa ba.

Akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta a bakin titinmu, ɗan Binuwai ne, kowa injiniya yake ce masa. Na lallaɓa Baba muka je. Injiniya ya duba, ya yi dariya.

"Baba, no wahala. Wannan small thing ne. Ko in yi fomat in share komai ta dawo sabuwa, ko in sa filash ɗina in cire faswod ɗin. Kafin ka gama shan ruwa na gama."

Baba ya tambaye shi, "Mai ita ya sani?"

"Baba, kai ne mai ita yanzu. You don buy am."

"Na sayi akwatin. Ɗakin da ke ciki wani ne ya kulle, kuma bai ce mini in shiga ba." Ya nuna filash ɗin da yatsa. "Wannan abin naka, kowace ƙofa yana buɗewa?"

"Kusan kowace."

Baba ya kalle shi daga sama har ƙasa, irin kallon da na tabbata direbobin Kudenda sun sani. Ya naɗe laftof ɗin cikin zane, ya ce a gaida gida. Muna tafiya ya ce mini yaron yana da fara'a, amma shi ba zai bar shi kusa da sito ba.

Ranar na yi fushi irin wanda ban taɓa yi da shi ba. Jarrabawa tana matsowa, ƙawayena suna ta gwaji, ni ina zaune da kwamfuta a gida ina zana da'ira da maus. Na kai ƙara wurin Mama a kicin. Ta ce ita ta daɗe da sanin wa ta aura. A farkon aurensu ta taɓa kai masa abinci Kudenda, ya bar ta a wajen get ya karɓi kwanon ta taga. Ta ce in bar shi ya bi hanyarsa, in dai an matsa masa sai ya ƙara kafewa.

Hanyarsa kuwa ita ce a nemo mai kwamfutar. Muka koma wurin Alhaji. Ya tarbe mu da fara'a, ya ba Baba benci, suka gaisa kamar ba kwanan nan suka rabu ba. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya cire hularsa ya sosa kai.

"Baba, wallahi tun da nake sana'ar nan ba a taɓa dawo mini da irin wannan magana ba. Ko kana zargin ta sata ce?"

"Ban ce ba, Alhaji. Izini nake nema."

Alhaji ya ce to, da sauƙi. Wata mata ce daga Kakau ta kawo masa, takan shigo da masara kasuwa. Ta mijinta ce, hedimasta ne, Allah ya yi masa rasuwa bara. Idan mun sauka a bakin titi mu tambayi gidan marigayi hedimasta, ko yaro zai nuna mana.

Da muka fito na ce wa Baba, to shi ke nan, mai ita ya rasu, sai mu koma wurin injiniya. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce mutum idan ya rasu ƙofarsa ba ta zama ta kowa ba, tana komawa hannun iyalinsa. Na ji kamar in zauna a ƙasa.

Washegari bayan an tashi daga coci muka shiga bas ɗin hanyar Abuja. Baba ya sa rigarsa ta zuwa sujada, laftof a cinya, ya hana kwandasta ya taɓa ta. Ni ina gefen taga na kumbura, ina lissafin karatun da nake asara. Damina ta ja baya, masara ta bushe a gonaki, wasu har sun karya sun tara a bakin hanya.

Mun sami matar a tsakar gida tana ɓarar masara a cikin babban daro. Doguwa ce, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Ta ba mu kujeru ta kawo ruwa. Baba ya fara da ta'aziyya, kuma bai yi ta da gaggawa ba. Ya yi mata sannu da haƙuri, ya roƙi Ubangiji ya ta'azantar da su, ya tambayi yara, ya tambayi gona, ya tambayi ciwon da ya ɗauki marigayin. Ita kuma tana amsawa tana satar kallon ƙunshin da ke cinyarsa. Daga baya ta gaya mana ta ɗauka mun zo mayar da kaya ne.

Da ya warware zanen ta ga laftof ɗin sai ta ajiye masarar da ke hannunta. Ta goge hannunta a jikin zaninta, ta shafa wurin da ya tsage. Ta ce ita ce ta kayar da ita daga kan tebur tana shara, kuma marigayin ya yi kwana biyu ba ya cin abincinta da daɗi.

Baba ya yi bayani dalla-dalla. Ya nuna ni, ya ce yarinyarsa ce, jarrabawa ce a gabanta, ta faɗi sau ɗaya kuma ba ya so ta sake. Ban so ya faɗi wannan ba, amma ya faɗa. Ya ce akwai ɗaki a ciki da maigidanta ya kulle, akwai kuma yaron da ya ce zai iya ɓalla ƙofar, amma shi bai ga yadda za a yi haka ba a tambaye ta ba.

Ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, daga Nasarawa kuka taso saboda wannan?"

"Daga can, Mama."

Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana share ido da bakin ɗankwali. Ta ce ita ma ba ta san kalmar ba. Saboda yara ya kulle, don kada su cika masa ita da wasanni, kuma ko ita bai gaya wa ba, wai bakinta ba ya riƙe magana. Ta ce in kunna mu gwada. Na kalli Baba. Ya ce tun da mai gida ce ta ce, babu laifi.

Ta faɗi sunanta, na buga, kwamfutar ta ƙi. Ta faɗi sunan da yake kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa, a hankali, tana jin kunya. Ta ƙi. Muka bi sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, da sunan ƙauyensu, da na makarantarsa, da ayar da ya fi so. Duk ta ƙi.

"Kun gani ko," in ji ta. "Shekara da shekaru ina dafa masa tuwo, ashe ba ni ce a ciki ba. Bari mu haɗu a can, zai yi mini bayani."

Ta sake yin dariya, amma wannan karon dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ta ce akwai hotuna a ciki, na bikin yayen ɗalibai da na Kirsimeti, da wasu da ya ɗauke ta a gona ba ta sani ba. Lokacin da ta sayar hankalinta yana kan kuɗin makarantar yara, sai daga baya ta tuna, kuma kunya ta hana ta komawa wurin Alhaji. Nan na tuna da fomat ɗin injiniya da yadda na so a yi shi tun ranar farko.

Baba ya ce ko allura ba za ta ɓata a ɗakin ba. Sannan ya roƙe ta ta ɗora hannu a kan laftof ɗin ta faɗa da bakinta. Ta ɗora, tana ƙoƙarin gimtse fuska.

"Na ba da izini a ɓalla. In ya yi fushi, ni ce."

Washegari da safe muna shagon injiniya. Baba ya sanar da shi cewa an sami izini, kamar dai injiniya ya kwana da damuwar abin. Ya kafa sharuɗɗa: ba fomat, ba buɗe kayan marigayi, a kwashe su yadda suke a zuba a sabon filash. Injiniya ya sa nasa filash ɗin, ya kashe ya kunna, wasu fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin allo, ya danna nan ya danna can. Baba yana tsaye a kansa, hannu a baya. Ko ruwan da aka kawo masa bai buɗe ba aka gama. Da aka zo kwashe hotunan ya sa aka juya fuskar kwamfutar bango, injiniya yana aiki a karkace yana leƙe da ido ɗaya.

"Oya, sister," in ji injiniya, "sa sabon faswod."

Na miƙa hannu. Baba ya ɗauke shi a hankali ya mayar mini cinya.

"Ƙofa nawa ce a jikinta?"

"Biyu, Baba. Admin da guest."

"Rufe ta baƙon. Maigadi ɗaya ba ya tsaron ƙofa biyu."

Injiniya ya rufe. Baba ya sa muka juya baya, ni da injiniya da wata mata da ta kawo gyaran waya ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Muna jin ƙarar maɓallan ɗaya bayan ɗaya, da dogon shiru a tsakani, yana neman haruffa da yatsa ɗaya. Aka ce ya sake bugawa don tabbatarwa, ya ce madalla, haka ake aiki. Filash ɗin hotunan kuwa shi ya kai Kakau da kansa, ya dawo da rabin buhun masara a ka.

Daga ranar na shiga hannun hukuma. Kullum da safe bayan addu'ar gida Baba zai yi wanka, ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki wadda Mama ta ɗauka ta yi ritaya tare da shi, ya zo ya tsaya a gaban teburin falo. Sai na ce, "Baba, ina so in shiga." Sai ya ce, "Me za ki yi a ciki?" Sai na ce gwaji. Sai ya cire hularsa ya kare maɓallan da ita, ya buga, ya ja da baya ya ce in wuce. Ba a taɓa tsallake tambayar ba, ko da rana ɗaya. Idan na tashi cin abinci kwamfutar ta kulle kanta, sai an sake daga farko.

Ƙannena sun gwada sa'arsu da kuka da roƙo, ba su samu ba. Ƙawata mai filash ta zo da fim, ya tambaye ta ko fim ɗin yana cikin jarrabawa. Ranar da aka ɗauke wuta shi yake ɗaukar laftof ɗin zuwa shagon aski inda ake tayar da janareta, ya zauna kusa da soket har ta cika, ba ya ko zagayawa. Rediyo ya koma ƙarƙashin gado. Mama ta ce rabon da ta ga yana cinye tuwonsa tas tun yana Kudenda.

Na yi ta ƙorafi a lokacin, ina cewa ni kaɗai ce a duk Kaduna nake neman biza kafin in taɓa kwamfutata. Amma gaskiya ita ce, da kalmar tana hannuna da rabin lokacin a fim zai tafi. Mutum yana tsaye a bayanka cikin kaki, ba ka iya yin komai sai abin da ka ce za ka yi. Na yi gwajin nan har agogon ya daina ba ni tsoro, har na fara gamawa da sauran lokaci.

Ranar jarrabawa maus ya bi hannuna lafiya lau. Da sakamako ya fito na ci, daga baya kuma sunana ya fito a jami'a. Mama ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Baba ya ce an gode Allah, ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Da safen ranar da zan tafi jami'a, kayana suna bakin ƙofa, ya kira ni falo. Yana cikin kakin, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ya kori ƙannena waje, ya ce wa Mama ta ɗan ba mu wuri. Ya sunkuyo ya raɗa mini kalmar a kunne, ya sa na buga a gabansa, ta buɗe. Ya sa na kulle na sake buɗewa. Ba zan faɗe ta a nan ba, don har yau ban canja ta ba, kuma ya ce kada in gaya wa kowa.

"Daga yau ke ce a kan duti," in ji shi. "Na miƙa miki lafiya, babu abin da ya ɓata."

Ya naɗe ta cikin zanen Mama da hannunsa, ya raka ni har bakin titi, ya tsaya sai da Keke Napep ɗin da na shiga ya sha kwana.

Bayan na kwana biyu a makaranta na kira Mama da safe. Muka gaisa, na tambayi Baba. Ta ce yana nan lafiya. Sai ta rage murya ta ce har yanzu yana sa kakin bayan addu'a, ya zo ya tsaya a gaban teburin falo, ya gyara ledar da ke kai, sannan ya fita gindin mangwaro.

Na ce ta ba shi wayar. Laftof ɗin tana gabana a kan katifa, a rufe.

"Baba, ina kwana. Ina so in shiga."

Sai na ji ya gyara murya.

"Me za ki yi a ciki?"